Sunan da Aka Baro a Rijiyar Aduwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dakoro ta wajen 'yan dabbobi ya san rumfar Abarci baduku, ko da bai san sunan mai ita ba. Ita ce ta uku daga bakin hanya, mai rufin kara, da wasakai rataye a jikin gwafa. A nan yake zaune tun yana saurayi, yana ɗinka wasakin jan ruwa da takalma da kuben wuƙa. Da ƙirgi suka fara shi da mahaifinsa, da fata ta yi tsada ya koma ga robar cikin tayar manyan motoci, kuma makiyaya sun shaida cewa wasakin Abarci yana shekara biyu bai yi yoyo ba. Mutum ne gajere, siriri, mai ƙaramar murya. Ba ya faɗa da kowa, ba ya shiga rigimar kowa, ko sulhu aka kira shi sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Mutane sun ɗauka haƙuri ne. Matarsa Zainabu, wadda ta shekara talatin da takwas a ɗakinsa, ta san ba haƙuri ne kaɗai ba, amma ba ta san ko mene ne ba.

Sunansa na yanka Harouna. Abarci kakarsa ce ta laƙaba masa saboda yawan barcin da ya yi yana jinjiri, laƙabin kuma ya haɗiye sunan har liman ma da shi yake kiransa. Mahaifinsa kuwa duk Dakoro ta san shi da Maraya, da wannan suna ya rayu, da shi aka yi masa sallah.

Cikin 'ya'yan Abarci huɗu da suka rayu, Raudatu ce ta uku, ita kaɗai ta yi nisa a karatu. Ranar da aka kai ta lakwal, wato makarantar boko, mushe mai koyarwa ya tambaye ta sunan babanta, ta ce Abarci, ya rubuta. Daga nan duk takardar da ta samu, har fasfo, Raudatu Abarci aka sa. Takardar haihuwarta kuwa, wadda aka yi tana kwana tara, cewa take yi ubanta Harouna Maraya. A Dakoro da Maradi da Yamai babu wanda ya taɓa ɗaga kai a kan wannan, don kowa ya san mutum yana da sunan yanka yana da laƙabi, kuma ɗa da sunan ubansa yake tafiya, jika ya ɗauki na nasa uban. Ta karanta aikin gwajin jini, ta samu gurbin ƙarin karatu a ƙasar Beljik, ta tafi.

Tana cikin shekara ta biyu a can, wata Alhamis da hantsi cikin zafin bazara, wayar Abarci ta yi ƙara yana tsakiyar ɗinki. Tun daga gaisuwa ya ji muryarta ba daidai ba. Ta ce ta je sabunta takardar zama, ma'aikaciyar biro, wato ofishin, ta jera takardunta a kan tebur, ta ce waɗannan ba na mutum ɗaya ba ne. A ƙasarsu sunan dangi ɗaya ne, uba ya gada daga kaka, ɗa ya gada daga uba, ba ya sakewa ko an shekara ɗari uku. To in ubanta Maraya ne sunan danginsa, ita daga ina ta samo Abarci? Raudatu ta yi bayani har ta gaji, matar ta saurara da kyau, sannan ta rubuta cewa ana zargin takardun jabu ne. An ba ta kwana sittin.

“Baba, in ban kawo shaida ba, ba kora kaɗai ba ce,” in ji ta. “Lauya ya ce suna iya tsare ni tukuna.”

Abin da lauyan yake so abu biyu ne: takarda daga gidan shari'a mai cewa Abarci da Harouna mutum ɗaya ne, da kuma takardar haihuwar shi Abarci kansa, don a ga daga inda sunayen suka taso. Abarci ya ce mata kada ta damu, zai yi. Da ya ajiye wayar ya ɗauki basilla, sai ya ga ya kasa zura zare.

Maƙwabtansa na rumfa suka ji labari suka taru, kowa da abin da ya sani. Wani da ya yi aikin gini a Libiya ya ce Larabawa sai sun jera maka uba da kaka da kakan kaka sannan su ɗora ƙabila. Wani mai zuwa Jibiya fatauci ya ce a Najeriya ya ga mutane da yawa da sunan garinsu suke rufewa, da a can ne da sai ta ce Raudatu Dakoro a huta. Aka yi dariya, aka ce abin Turawa sai su. Abarci ya yi murmushi don kada a ce wani abu, amma bai ji rabin abin da suka faɗa ba.

Washegari ya tafi gidan shari'a. Magatakarda, wani matashi mai fara'a, ya ce takarda ta farko ba wuya, mutum biyu daga unguwa sun isa. Da ya nemi takardar haihuwa, Abarci ya ce ba shi da ita, katinsa na ɗan ƙasa ma da shaidar mai unguwa aka yi masa tun da daɗewa. Magatakardan ya ce ba komai, ana iya yin sabuwa, sai dai zai rantse a gaban alƙali a kan inda aka haife shi da sunan mahaifinsa. Ya ɗaga alƙalami ya ce ai Maraya laƙabi ne, mene ne sunan yankan tsohon? Abarci ya dubi bango. Ya ce zai je ya dawo.

A gida ya tarar da Zainabu tana tankaɗe. Ya wuce ɗaki, ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya fito da wani gwangwanin shayi da aka naɗe da fata aka ɗinke bakinsa. Shi ya ɗinke shi da hannunsa shekara talatin da biyu da suka wuce. Ya farke ɗinkin, ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa, ya kira matarsa, ya gaya mata abin da bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ba a Dakoro aka haife shi ba. An haife shi a wani ƙauyen makiyaya gaba da Korahane, ana ce masa Rijiyar Aduwa, kuma mahaifinsa a can Zakiru ne sunansa. Takardar ta lokacin da gwamnati ke rubuta yara don lakwal ce, a jikinta an sa Harouna Zakiru. Yana shekara takwas, wata rana da rani, rana ta take tsaka, yana riƙe da takarkarin da ke jan igiya, gardama ta tashi a bakin rijiya tsakanin Zakiru da wani mutum mai suna Jimrau a kan wanda zai fara shayar da dabbobinsa. Shi yana nesa, bayansa ya ba su. Ya ji ihu, ya waiwaya, ya ga mahaifinsa tsaye hannuwa a buɗe, Jimrau kuwa babu shi. Rijiyar gaba ashirin da biyar ce. Kafin a fito da gawar, uwar Abarci ta riga ta ɗaura tukwane a kan jaki. Suka yi kudu ba tare da sun yi sallama da kowa ba. Shekara huɗu suka yi a wani ƙauye na ƙasar Kornaka, sannan a shekarar babbar yunwa suka bi ayarin masu neman abinci suka shigo Dakoro, lokacin da babu mai tambayar wani daga ina. Duk wanda ya tambayi Zakiru danginsa sai ya ce shi maraya ne, har sunan ya bi shi.

Ranar da tsohon zai rasu, da safe ne, ya sa aka fitar da kowa daga ɗaki sai Abarci. Ya ce Jimrau ya bar ɗa namiji mai suna Abdulhakim, yana wurin lokacin da abin ya faru, bai manta ba kuma ba zai manta ba. Ya ce kada Abarci ya taka Rijiyar Aduwa, kada ya furta sunan Zakiru ko a gaban matarsa, kada ya sa wa wani ɗa nasa sunan. Abarci ya so ya tambaye shi ko tura Jimrau ya yi, ko faɗawa ya yi da kansa, amma bakinsa ya yi nauyi, kafin azahar kuwa an gama.

Tun daga ranar, duk baƙon da ya tsaya a gaban rumfarsa da rawani da takobi, sai Abarci ya fara duban hannunsa kafin fuskarsa. Masu sayen wasaki kuwa kusan dukansu haka suke shiga. Shekara talatin da biyu yana yi.

Zainabu ta saurare shi har ƙarshe. Da ta yi magana, cewa ta yi a sa takardar a murhu, a nemi tsofaffi biyu na unguwa su rantse cewa a Dakoro aka haife shi, sunan Maraya kuma a ce Abdoulaye ko wani abu, wa zai tona? Abarci ya kwana biyu yana juya wannan shawara, har ya kusa yarda. Sai Raudatu ta sake kira, ta ce lauya ya ja mata kunne: ana iya aikowa a duba tsofaffin rajistoci, kuma in aka kama ƙarya ɗaya tak, ko gaskiyar da ke cikin sauran takardun ba za a ƙara saurara ba. Ta ce ta daina cin abinci sosai, duk wasiƙar da aka jefo ta ƙofa sai gabanta ya faɗi. Ban da wannan ma, Abarci ya san ba zai iya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba, balle ya jawo tsofaffi biyu su dafa tare da shi.

Ya kai takardar. Magatakardan ya yi murna, ya ce lambarta tana nan a tsohon littafi, takarda ce mai kyau. Saura abu ɗaya: tunda katinsa da takardar haihuwar 'yarsa Maraya suke cewa, wannan kuma Zakiru, sai ya kawo mutum biyu da suka san tsohon da duka sunayen biyu. Abarci ya bi tsofaffin Dakoro a zuciyarsa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya taɓa jin Zakiru. A ranar kwana goma sha tara sun tafi cikin sittin.

Ya ƙara ɓata kwana shida yana cewa gobe. Ranar da ya shirya, ya nuna wa Zainabu inda kayan aikinsa suke, ya faɗa mata wanda za a ba su, ya nemi ta yafe masa. Ta ce masa, “Malam, ka bar irin wannan magana,” amma ta bi shi har ƙofar gida, abin da ba ta saba ba. Ya sayi goro da sukari da ganyen shayi, ya hau kabu-kabu zuwa Korahane. Daga can hanya ta zama rairayi zalla, babur yana nutsewa suna sauka suna turawa, har mai babur ya ce iyakarsa ke nan, zai jira shi a ƙarƙashin wani gawo zuwa la'asar. Abarci ya ƙarasa da ƙafa, karangiya tana kama masa wando.

Ya yi zaton ba zai gane wurin ba, sai ga shi ƙafarsa ta san hanya. Ya hango rijiyar daga nesa, an yi mata baki da siminti, shanu sun kewaye ta. Ya kauce ya bi ta bayan gari. Mutum ɗaya yake fatan samu da rai, Mata, ƙanwar mahaifinsa, wadda aka bari a gidan aurenta ranar da suka gudu. Wata mace mai daka ta nuna masa bukkar, ta bi shi da kallo, kuma yana juya baya ya ji ta ajiye taɓarya.

Mata tana zaune a inuwa, ta tsufa ƙwarai, idanunta sun yi fari. Ya yi sallama ya durƙusa. Ta amsa, sannan ta karkata kai ta ce ya sake magana. Ya sake gaishe ta.

“Wagga murya ta Zakiru ce,” in ji ta. “Harouna ne?”

Ta lalubo fuskarsa da hannu, ta shafa gemunsa, hawaye suna zuba ba tare da ta yi sauti ba. Ta tambayi uwarsa, ya ce ta rasu. Ta ce labarin rasuwar Zakiru ya iso ta tun a shekarar, amma ba ta da ikon zuwa. Abarci ya yi mamakin yadda aka yi ta ji, bai dai tambaya ba. Ya faɗa mata abin da ya kawo shi. Maganar Beljik da sunan dangi ba ta shige ta ba, ta ce waɗanne irin mutane ne za su kira jika da sunan kakan da bai haife shi ba, amma ta gane cewa jikar wanta tana cikin wahala a wata uwa duniya. Ta ce in za a ɗauke ta a kai ta, za ta faɗi abin da ta sani. Na biyu fa? Ta ƙirga masu shekaru a yatsunta, duk sun mutu ko sun yi ƙaura. Wanda ya rage da ya san Zakiru da idonsa, kuma ya san inda ya ƙare, mutum ɗaya ne, Abdulhakim ɗan Jimrau.

Abarci ya tambaye ta a hankali yadda abin ya faru. Ta ce ba ta wurin. Wasu sun ce turawa aka yi, wasu sun ce igiya ce ta harɗe masa ƙafa, ita kuma ta shekara hamsin tana zaune cikin dangin mamacin, ta koyi yin shiru.

Ba ta rufe baki ba suka ji takun mutum a bayan dangar kara, aka yi sallama da babbar murya. Wani dogon dattijo ya sunkuyo ya shigo, rawaninsa ya rufe baki, takobi rataye a kafaɗa. Mata ta ce, “Ga shi nan.” Abarci ya dubi hanyar fita. Ya ga ƙofar ɗaya ce kuma mutumin yana tsaye a cikinta.

Abdulhakim ya zauna a kan tabarma, ya ɗora takobin a cinya. Ya gaishe da Mata, sannan ya gaishe da Abarci gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da zafi, ba ya duban fuskarsa. Abarci yana amsawa da ƙyar. Da gaisuwa ta ƙare, Abdulhakim ya ɗago kai.

“Mi ya kawo ɗan Zakiru?”

Karo na farko ke nan da wani ya kira Abarci haka tun yana yaro. Ya faɗi komai, yana tuntuɓe da kalmomi, ya ce ba don kansa ya zo ba, ɗiyarsa ce, ita ba ta san komai ba, ko sunan ba ta taɓa ji ba. Ya tura ƙullin goro da sukari gabansa. Abdulhakim bai taɓa su ba. Ya tambayi shekarun yarinyar da abin da take karantawa, ya tambayi 'ya'ya maza nawa Abarci yake da su da inda suke zaune. Wannan tambaya ta ƙarshe Abarci bai so ta ba, amma ya amsa, don ya ga alamar mutumin ya riga ya sani.

“Ka koma gida tun da rana,” in ji Abdulhakim yana miƙewa. “Ran Litinin ina shigowa Dakoro.”

Bai ce zai yi shaida ba, bai ce ba zai yi ba. Abarci ya fito ya kama hanya, bai yarda ya yi gudu ba, amma duk taku goma sai ya waiwaya, kuma da ya isa gawon sai da mai babur ya ba shi ruwa kafin ya iya magana.

Kwana huɗun nan bai buɗe rumfa ba. Ya ƙirƙiro aike ya tura babban ɗansa Birnin Lalle, ya ce kada ya dawo sai an kira shi. Ya yi tunanin zuwa wurin jandarma, sai ya rasa me zai ce musu, tunda babu wanda ya yi masa barazana. Ya yi tunanin ko Abdulhakim so yake ya tsaya gaban alƙali ya tona kisan, a rubuta a takarda cewa Raudatu jikar mai kisan kai ce, takardar ta tafi har Beljik. Ya daina cin tuwo. Zainabu tana dama masa fura, ya kurɓa sau biyu ya ajiye.

Ran Litinin tun kafin a buɗe gidan shari'a yana tsaye a ƙofa. Rana ta ɗaga, ya fara cewa ba za su zo ba, kuma bai san ko murna zai yi ko kuka ba. Sai ga amalanken shanu ya ɓullo, Abdulhakim yana kora, Mata tana kwance a baya a kan katifa an yi mata inuwa da zane. Abdulhakim ne ya sauke ta da hannunsa. Mai gadi ya ce a bar takobi a waje, ya cire ya miƙa ba gardama.

Alƙali ya fara da Mata. Ta ce Zakiru wanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya bar gari, ta ji ya zauna Dakoro ana ce masa Maraya, wannan kuma ɗansa ne Harouna, ita ta yi masa wankan farko. Sannan aka kira Abdulhakim, ya rantse. Ya ce ya san Zakiru a Rijiyar Aduwa, ya kuma gan shi da idonsa a kasuwar Dakoro yana dukanci da sunan Maraya, mutum ɗaya ne babu shakka. Alƙali ya ɗago kai ya tambaye shi mene ne tsakaninsa da marigayin, dangi ne ko aboki.

Abarci ya riƙe gefen benci.

“Ba dangina ba ne, ba abokina ba ne,” in ji Abdulhakim. “Rijiya guda muke shayarwa.”

Alƙali ya rubuta, magatakarda ya buga hatimi, aka ce a dawo jibi a karɓa.

A waje, bayan ya karɓi takobinsa, Abdulhakim ya ja Abarci gefe zuwa inuwar wata itaciyar bedi. Ya ce akwai abin da ya kamata ya sani. Yana shekara goma sha huɗu lokacin, yana tsaye kusa da kwamin shayarwa, ya ga Zakiru ya sa hannu a ƙirjin mahaifinsa ya tura, ƙasa kuma da santsi. Ko ya yi nufin rijiyar, Allah kaɗai ya sani. Ya ce ya girma yana neman Zakiru, ya same shi a shekarar da aka sake yin fari bayan babbar yunwa. Kasuwa uku a jere yana zuwa ya zauna a rumfar mai shayi da ke fuskantar tasu, da wuƙa a cikin riga. Zakiru ya gane shi tun ranar farko, bai gudu ba, bai kira kowa ba, ya ci gaba da ɗinkinsa. Abarci yana gefensa yana yanka fata, bai san me ake ciki ba. A kasuwa ta uku uwar Abdulhakim ta gane inda yake zuwa, ta ce in ya zubar da jini ba ta yafe masa nononta ba. Shi ya sa ya bari.

“Ban yafe wa Zakiru ba,” in ji shi. “Shi da babana suna gaban wanda zai raba su. Kai kuwa ba ka yi mini komi ba, ɗiyarka ma haka. Amma ina da ƙanne da 'ya'yan ƙanne, ban san zuciyar kowa ba. In za ka zo garinmu, ka fara aiko mini.”

Abarci ya buɗe baki zai yi godiya, dattijon ya ɗaga hannu ya hana shi. Ya ɗora Mata a amalanke, suka juya tun kafin azahar.

Takardun suka tafi Yamai aka buga musu wasu hatimai, suka isa hannun lauya saura kwana tara. Aka ƙara jan Raudatu wata biyu da tambayoyi, sannan aka ba ta takardar zama ta shekara ɗaya. Da ta kira tana kuka tana dariya, ta ce ta ga wani suna a takardun da ba ta sani ba, wane ne Zakiru? Ya ce kakanta ne, sauran bayani sai ta zo gida, ba maganar waya ba ce. 'Ya'yansa maza kuwa ya tara su ya gaya musu komai, babban ya yi fushi da aka ɓoye masa, ya yi wata guda ba ya zuwa gaisuwa, daga baya ya sauko.

Da lokacin kaka ya zo, Mata ta rasu. Abarci ya aika wa Abdulhakim ta bakin wani mai sayen wasaki, amsa ta dawo cewa ya zo ran sadakar uku, da safe. Ya je shi kaɗai. Aka shimfiɗa masa tabarma a cikin maza, aka yi addu'a, wasu suka ba shi hannu, wasu samari biyu suka tashi suka bar wurin da aka faɗi ko shi wane ne. Yana shirin tafiya wani tsoho da bai sani ba ya ciro takalminsa da ya tsinke, ya ce an ce shi baduku ne. Abarci yana da basilla da zare a aljihu kamar kullum. Ya zauna ya ɗinke shi, wani ya kawo nasa, wata mace ta aiko da salkar da ke yoyo. Bai ƙi ko ɗaya ba, amma yana yi yana duban inuwa, kuma da ya ga ta fara karkata ya tattara kayansa, ya yi sallama, ya nufi inda mai babur yake jiransa.